Tsutsotsin da Suka Daina Ci a Gonar Baba

Tiga, ƙaramar hukumar Bebeji.

Zuwa ga Yaya Mujitaba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya da kai da iyalinka a Fatakwal, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma nan lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗan da ta saba. Sai dai akwai abin da ya hana ni sakat: Baba ya daina magana da amininsa Baba Ladan, wanda suka taso tare tun ruwan dam bai cinye ƙauyensu ba.

Ka san gonakinsu na kabeji a bakin ruwa iyaka ɗaya suke. Bana tsutsa ta sauka musu. Wata safiya Baba ya hango Baba Ladan a tsugune cikin gonarmu, yana buɗe wasu ƙananan kwalabe a gindin ganye, ya rufe, ya wuce bai ce wa kowa komai ba. Bayan ɗan lokaci sai tsutsotsin suka daina ci. Yaya, wallahi da idona na gani. Kowacce tana kwance a kan wasu ƙullutai rawaya kamar tsabar shinkafa, tana da rai amma ba ta motsi. Kana matsowa sai ta ɗaga kai ta riƙa kaɗa shi hagu da dama. Ka bi kunyoyin gonar, ko'ina haka, gona tsit, sai kawuna suna juyawa kamar suna kallonka. Ban ƙarasa ban ruwa ba na gudo gida.

Baba ya ce asiri ne, ƙwai aka sa su yi don su cinye mu gaba ɗaya. Ya sa muka tsince ganyen da suke kai duka aka banka wuta, har da ni uwar azarɓaɓi. Sannan ya tari Baba Ladan a ƙofar masallaci ya faɗa masa magana mai zafi a gaban mutane. Shi kuwa ya saka takalminsa ya tafi.

Da na kai ganye ɗaya da ya tsira wurin Malama Zulaihat, malamar gona, sai ta riƙe baki. Ta ce ba ƙwan tsutsa ba ne, 'ya'yan wani ɗan zanzaro ne da bai kai sauro ba. A cikin tsutsar yake zuba ƙwai, su cinye ta ta ciki, su fito su naɗe kansu, ita kuma ta zauna tana gadinsu har ta mutu. Wato masu taimakonmu muka ƙona. Yanzu sabuwar tsutsa ta mayar da kabejinmu kamar rariya, na Baba Ladan yana nan kore shar. Baba ya ce ai ga shaida nan. Malama kuma ta gaya mini kaɗan ne kwalaben zanzaron da ta ba Baba Ladan na gwaji, kuma mafi yawansu a gonarmu ya sake su, don ya san Baba ba zai taɓa yarda da abin ba in an tambaye shi.

Na faɗa wa Baba, ya ce in tashi in ba shi wuri. Kai kaɗai yake saurara, don Allah ka kira shi. Ɗan Baba Ladan zai zo ya ɗauki mahaifinsa zuwa Doguwa da zarar an sare kabeji, kuma a shekarunsu ban ga ranar sake haɗuwa ba. Abin yana ci mini rai.

Ka gaida Anti Balaraba, da Hafizu da Mubaraka. Inna da Kamalu suna gaishe ku. Baba Ladan ma ya ce in gaishe ka. Na haɗu da shi jiya a hanyar gona, ya rame, kuma abin da kawai ya tambaye ni shi ne ko Baba yana shan maganinsa na hawan jini.

Ƙanwarka,
Rashida