Salatif Uku da Takarda Ɗaya

Lahadi

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya idon Inna? Na ji kin ce Litinin ta sama za a yi mata aikin, wai ta rantse ba za ta kwanta gaban likita ba sai ina riƙe da hannunta. Na ce miki to a waya, sauran kuma na kasa faɗa, shi ya sa na rubuto.

Ranar ina da aiki. A kamfanin sabulun nan ba hutu sai ka shekara, fashi ɗaya kuwa kora ce, ni ga watana bakwai. Hanya ɗaya ta rage: wadda ke hutu Litinin ta karɓar mini, ni in rama mata, mu sa hannu a takardar musaya, a miƙa wa shugabar sashe kafin sha biyun ranar Laraba. Matan nan kullum suna yi wa juna, kamar aron allura.

To ni wa zan tambaya? Mu goma sha huɗu muke naɗe sabulu a tebur ɗaya, amma ban da sannu ba abin da ya taɓa haɗa ni da kowa. In an buga ƙararrawa su nufi bencin bakin famfo suna shewa, ni in laɓe bayan kwalaye in ci abincina. Da na buɗe baki sai in ga kamar karyayyen haƙorina kowa yake kallo. Na dai karɓo takardar, tana aljihuna.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Talata

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan Inna na samun barci. Kin ce in daure in buɗe baki kawai. Ke ai da sauƙi, ke da ko a layin asibiti sai kin yi ƙawa kafin a kira lambarki.

Akwai wata da ake kira Doguwa, ita ke hutu Litinin. Na tsaya gaban madubi na haddace abin da zan faɗa tsaf. Na je, ta ɗago ta dube ni, sai na ji bakina ya ce ta ara mini salatif na manne kwali. Sau uku ke nan tun jiya. Yanzu salatif uku ne a gabana, takarda kuma har ta jiƙe da gumi. Wallahi haushin kaina nake ji, shekara ashirin da shida amma magana ɗaya ta gagare ni.

Gobe zan yi, in Allah ya yarda.

Taki,
Auta

Laraba

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ban yi ba.

Ina kallon agogo har sha biyu ta wuce. Doguwa ta biyo ni bayan kwalaye neman salatif ɗinta, ta same ni ina kuka, ta zare takardar daga hannuna ta karanta. Faɗa ta rufe ni da shi. Wai Litinin ba abin da take yi sai wanki, kuma duk sun ɗauka ni ce ba na son zama da su. Ta sa hannu nan take, ta ja ni har ofishin shugaba, ta yi ta roƙo kamar uwarta ce za a yi wa aikin. Shugaba ta nuna mana allo, an riga an kafe jadawali, ba a taɓa shi.

Da muka fito Doguwa ta matsa mini wuri a benci, wata ta miƙo mini ruwa. Wata bakwai ina tsoron bencin nan, ashe katako ne kawai.

Ke za ki riƙe hannun Inna. In ta tambaye ki, don Allah kada ki ce mata hana ni aka yi. Ba wanda ya hana ni, Yaya. Ni ce ban tambaya ba.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarki,
Auta