Fim Goma Sha Biyu a Faifai Ɗaya, da Idon Surukata

Malama Hindu, don Allah ki taimake ni da shawara. Na yi abin da nake alfahari da shi, ga shi yana neman ya ja wa wata baiwar Allah rasa idonta, kuma sati biyu kacal suka rage.

Ina aiki a shagon buga takardu da kwamfuta a Jega. Surukata Inna, mahaifiyar matata Raihanatu, tana zaune a Mungadi. Ciwon gwiwa ya hana ta fita, abin da ke ɗebe mata kewa shi ne kallon finafinan Hausa da rana, matan unguwa su cika ɗakinta. DVD ɗinta tsohuwa ce, ba ta karɓar filas, bakin da ake sa faifai kuma yana maƙalewa, sai an sa wuƙa an ɓanɓaro shi. Duk fim ya ƙare sai a yi ta fama.

Sai na ce bari in gwada. Malama, ba ki ga murnata ba ranar da na gano yadda ake matse fim! Na fara da uku, suka shiga faifai ɗaya. Na gwada shida, suka shiga. Na yi ta rage nauyinsu a manhaja har goma sha biyu suka zauna daram. Na yi musu shafin zaɓi da lambobi manya-manya, tunda Inna ta san lamba. Na kunna a ƙaramar kwamfutata, komai tas. Wallahi har rawa na taka a shago. Da faifan ya isa Mungadi, albarkar da aka sa mini ba ta misaltuwa. Labari ya kai Aliero, dangin matata na can suna ta aiko da saƙo a yi musu nasu, har wani ya ce in fara na sayarwa. Yanzu haka ina da faifai mai fim goma sha huɗu a aljihun tebur, kuma ina jin zan iya kai ashirin.

To, makon jiya Raihanatu ta dawo daga gida jikinta a sanyaye. Ta tarar da Inna ta matso dab da babban talabijin ɗin da ɗanta Jibrin ya kawo mata, tana murza ido. Inna ta shaida mata cewa da zarar 'yan fim sun tashi da gudu ko rawa, sai fuskokinsu su wargaje su koma kamar saƙar tabarma. Ta tambayi matan da ke kallo tare da ita, kowacce ta ce lafiya lau take gani. Shi ke nan Inna ta yanke cewa yanar ido ce ta fito mata. Kawun Raihanatu ya riga ya yi magana da wani mutum mai cire yanar ido da allura, zai zo gidan nan da sati biyu.

Na ɗauki kwafin faifan na kunna a babban talabijin na maƙwabcina. Malama, tabarmar nan na gan ta da idona. Matan nan kara kawai suka yi mini, ba wadda za ta kushe kyautar suruki a gaban uwar matarsa.

Ban gaya wa kowa ba. Ni da Inna gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ban taɓa yi mata doguwar magana ba. Ta yaya zan ce abin da ta yi ta nuna wa mutane ba shi da kyau? Ko in aika da wani faifan shiru, in ce sababbin finafinai ne?

Mai Faifai, Jega

Mai Faifai, kai mutum ne mai basira, kuma niyyarka ta yi kyau: ka ga wahalar dattijuwa ka nemi sauƙaƙa mata. Kada abin da ya faru ya kashe maka zumuɗin koyo. Amma idonta ya fi sunanka muhimmanci, don haka da shi za mu fara.

Ka gaya wa Raihanatu yau, gaba ɗaya, ka kuma nuna mata faifan a talabijin ɗin maƙwabcinka. Kunyar surukuta ba ta hana saƙo isa ba, ta dai tsara ta inda zai bi, wato ta bakin ɗiya. Aika wani faifan shiru ba zai wadatar ba. Inna ta riga ta yarda tana da ciwo, kawu ya riga ya ba da magana, kuma hoto mai kyau kaɗai ba zai warware wannan ba. Gobe Raihanatu ta tafi Mungadi, ta keɓe ɗaya daga cikin matan, ta roƙe ta ta faɗi abin da ta gani tsakaninta da Allah. A sallami mai allura cikin mutunci. Wannan aiki ya makantar da mutane da yawa, har waɗanda ke da yanar da gaske. Bayan haka ku kai Inna asibiti likitan ido ya duba ta, domin mai shekarunta tana buƙatar hakan ko ba faifai.

Sai batun sana'a. An yi faifan DVD ne ya ɗauki kimanin awa biyu na hoto mai kyau, kai kuwa ka cusa masa wajen awa ashirin. Manhaja ba ta da inda za ta sami wuri sai ta zubar da ƙananan sassan hoton. Inda mutane ke zaune ba a lura, da an yi motsi sai hoton ya farfashe. Ƙaramin allon kwamfuta yana ɓoye wannan, babban talabijin yana tona shi. Ka tsaya a fim biyu, in gajeru ne uku. Ka zaɓi tsarin PAL, wanda talabijin ɗin ƙasar nan ke aiki da shi, ka ɗora fim a faifai a hankali ba da saurin ƙarshe ba, ka kuma gwada a irin na'urar da za a kalla da ita kafin ka ba kowa. Bakin DVD ɗin da ke maƙalewa kuwa, sau da yawa 'yar roba ce ta saki a ciki, mai gyaran rediyo a Maiyama zai sauya ta nan take.

Mutanen Aliero su yi haƙuri da zancen sayarwa. Finafinan nan suna da masu su, kuma guminsu ne. In kana son hannunka ya ciyar da kai, ga bidiyon biki da suna da saukar karatu cike da wayoyin mutane, suna neman wanda zai haɗa musu a faifai.

Za a yi maka dariya a Mungadi na ɗan lokaci, ka shirya. Amma uwar da ta ji cewa surukinta ya tona kuskurensa don kada a taɓa idonta ba za ta raina shi ba. Allah ya ba Inna lafiya, ya ƙara maka basira, ya bar ku da Raihanatu cikin alheri.

Malama Hindu