Geron Gefe Biyu

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Gwanja? Muna lafiya.

Akawun iyaka yana koya mini Turanci. Jiya muka yi kalmomin siffanta abu da na siffanta aiki. Ya nuna gonarmu da turken Turawa ya raba biyu, ya ce in faɗi gefen da geronsa ya fi tsawo, ya fi saurin fitowa.

Na tsaya ina kallo, sai na ga kamar marigayi Baba gaba da sungumi, muna binsa da iri. Na ce, "Malam, mi zan gwada? Gona guda ce."

Ka sa mu a addu'a, ka gai da Inna Hajo. Ka dawo kafin girbi, mu yanke ta tare.

Ƙanenka,
Bello