Koriyar Leda a Cikin Kwamfutar Surukina

Taichung, farkon watan Yuli

Zuwa ga mahaifina, Pan Chin-lung,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, da fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Yaya zafin bakin teku?

Baba, rabon da in rubuto maka tun Sabuwar Shekara, kuma na san abin da za ka ce. Ka faɗa, amma ka karanta har ƙarshe.

Kwamfutar mijina Yu-hsiang ce. Ka san da ita muke ci: yana buga wasan yaƙi kai tsaye, mutane suna kallonsa ta kyamara. Tun shigowar zafi ta ɗauki wani hali. Ana tsakiyar wasa sai allo ya yi baƙi, ta mutu, ta sake tashi da kanta. Kafin ta dawo an kashe shi a wasan, masu kallo sun watse, wasu suna rubuta masa dariya. Da farko jefi-jefi take yi. Yanzu kusan kullum ne. Ya goge komai ya sake zubawa, ya sauya soket, duk a banza.

Kai ka tsufa a cikin injinan masana'antar Hsinchu. Ka gaya min abin da zan duba. Kada ka kira wayata, yawanci tana hannunsa. Ka aiko amsa ta shagon Inna Lo mai madarar waken suya, a ƙasan beninmu.

Ka yi haƙuri da munin rubutun, zamewa na yi a banɗaki.

'Yarka mai biyayya,
Pei-ching

Chenggong, mako guda bayan haka

Pei-ching,

Na amsa gaisuwarki. Gwiwa tana nan, teku yana nan, ni ma ina nan tunda ba wanda ya zo ɗaukata.

Wato karatun lantarkin da na yi a jami'a, da shekarun da na yi ina tsaron injinan da kowanne ya fi ƙauyen nan tsada, ga inda suka kawo ni: gyaran abin wasan ƙato mai gemu. To madalla.

Ki saurara. Na'urar da ke mutuwa ɗif ba tare da ta rubuta ko kalma ɗaya a allo ba, ba ta da aljani. Ko zafi ya dame ta, ko wuta ta gaza mata. Tana kashe kanta ne don kada ta ƙone, wanda ya fi hankalin mutane da yawa da na sani. Ki lura min: tana mutuwa lokacin da wasa ya yi zafi ne, ko har tana zaune ba aiki? Ki kai hannu bayanta, can ƙasa inda akwatin wuta yake, mai raba mata lantarki. Iska tana fita? Mai ƙarfi ko raunanniya? Ki kasa kunne ga fankokin. Ki shinshina.

Kuma kada ki ce min kun bi camfin nan na mutanenmu, kun aza mata koriyar ledar guggurun kwakwa wai don ta yi ladabi ta daina lalacewa. Na ga isasshen wannan haukan. A masana'antarmu manyan da suka yi karatu a ƙasashen waje suke jera ledojin a kan injina, suna duba kwanan wata kada su lalace, suna zagin duk wanda ya kawo rawaya, wai koriya ce kaɗai ke kawo wa inji lafiya. Na tashi a taro na ce wannan abin kunya ne. Suka riƙe ledojin, suka sallame ni.

Wani abu kuma. Ni na koya miki riƙe alƙalami. Wannan rubutun na hannun hagu ne. Banɗakin da ya karya miki na dama, yaya sunansa?

Mahaifinki

Taichung, ranar Litinin

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Na yi duk abin da ka ce.

Lokacin da yaƙi ya kaure take mutuwa, ba ta taɓa yi tana zaune ba. Iskar da ke fita ta ƙasa kamar numfashin mara lafiya, ga zafi har na janye hannu. Akwai wani ƙar-ƙar a ciki kamar ana murza takarda. Idan ta ɗauki zafi ɗakin yana ɗan ƙamshin kwakwa. Shi yana cewa man kaina ne.

Ka tambayi sunan banɗakin. Ka riga ka sani.

Muddin jan hasken kyamara yana kunne, ba ya taɓa ni. In na kawo masa shayi yakan ce wa masu kallo, "Ku gaishe da uwargida, duk Taichung babu kamarta." Amma da allo ya yi baƙi sai ya cire abin kunne ya ajiye a hankali, ya miƙe. Wannan ajiyewar a hankali ita ta fi ba ni tsoro.

Ranar hannun, ina kicin ina wanke shinkafa. Ya ce, "Ke, me kika jona?" Na ce ban jona komai ba. Ya ce, "Tukunyar shinkafa ta lantarki fa? Ubanki injiniya, ke kuwa jaka." Ya kama hannuna ya sa a bakin ƙofa, ya rufe ƙofar a kai. Na ji ƙarar kafin in ji zafin. Ya sake rufewa. Daga nan kwamfutar ta gama tashi, ya koma ya zauna, ya ce, "Ku yi haƙuri jama'a, na'ura ce ta yi tuntuɓe." Ina kwance a ƙasa ina jin yana dariya da su.

Jiya haƙorina na gefe ya fita.

Ranar Asabar abokinsa A-kun zai zo su kwance ta gaba ɗaya, har ƙasa. Baba, don girman kabarin Mama, ka ba ni wani gyaran da za a yi daga waje. Kada a buɗe ta. Ba zan iya gaya maka dalili ba.

'Yarka,
Pei-ching

Chenggong, ranar Laraba, ta saƙon gaggawa

Pei-ching,

Gaisuwa sai mun haɗu.

Ba sai kin gaya min ba. Gefen kwamfutar gilashi ne, zai gani, don haka kika kwance murfin baya kika cusa koriyar ledar nan a lungun ƙasa, jikin akwatin wuta. Ta ƙara mutuwa, kika ƙara wata. Ya ƙara dukanki, kika ƙara wata. Kin toshe mata hanci kina roƙonta ta yi numfashi. Fanka ta yaga ɗaya, shi ne ƙarar da ƙamshin.

Ba zan zage ki ba. Masu digiri sun yi don tsoron shugabansu, ke kin yi don tsoron ranki.

Kada ki taɓa ta, zai iya kama ki a kai. Ki ce masa tsohon nan zai zo ranar Juma'a da safe ya duba kyauta. Zai yarda, yana son ganina a durƙushe. Da na iso zan aike ki sayen man sanyaya na'ura. Ki sauka, ki karɓi jakarki da za ki ajiye tun kafin nan a wurin Inna Lo, ki hau jirgin ƙasa zuwa Chiayi wurin Goggonki Su-yueh. Kada ki saya min komai. Kada ki waiwayo.

Mahaifinki

Asibiti, Taichung, ƙarshen Yuli

Pei-ching,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Goggonki. Ki yi haƙuri da munin rubutun. Na hannun hagu ne.

Kin ji gutsi-gutsi a bakin mutane. Ga yadda aka yi.

Bayan fitarki ya tsaya a kaina yana shan shayin ƙanƙara. Ya ce, "Baba, ka tabbata ka san irin wannan? Ba rediyon zamanin soja ba ce fa." Na ce, "Zan gwada, ɗana. Ido ya yi rauni, taimaka min da tocila." Yana juya baya na kwance murfin, na kwashe ledojin na tura cikin jakar kayan aikina. Sun yi laushi don zafi, ɗaya ta narke ta manne da ƙarfe. Kafin in kwashe, sai da na tsaya ina kallon yadda kika jera su, kowacce fuskarta sama, an lallaɓa gefenta da kyau. Da karyayyen hannu kika yi wannan. A nan ne na fasa abin da na zo da shi, wato in gyara in kama hanya.

Na kakkaɓe ƙura, na share fanka, na ɗaure kowace waya. Ban taɓa yi wa wata na'ura aiki da zuciya ɗaya haka ba, har waɗanda aka ba ni lambar yabo a kansu. Ina so ta rayu. Da ya shiga banɗaki, na yanki ɗan baƙin salatif na liƙe jan hasken kyamarar.

Na ce, "Sai ka gwada ta da wasa na gaske, da masu kallo, yadda take mutuwa. Ni zan zauna a bayan tebur in saurari fanka."

Ya kunna. Ya ce, "Jama'a, yau surukina ne makanike. Tsohon injiniya ne, da can. Baba, ɗaga musu hannu." Na ɗaga. Na yi murmushi ma, abin da ban yi ba tun jana'izar uwarki.

Na'urar tana ta aiki lafiya, iska tana fita kamar ta bakin teku. Na jira har yaƙi ya kaure, yana ihu yana cewa saura mutum ɗaya. Sai na miƙa hannu na zare wayar allo da ta abin kunne a tare. Su kaɗai. Kyamara da makirufo ban taɓa su ba.

Allo ya yi baƙi.

Kin yi gaskiya, a hankali yake ajiye abin kunnen.

Ya ce, "Tsoho. Ka ce ka gyara."

Na ce, "Na gyara abin da ke gyaruwa."

Ya ƙwala kiran sunanki. Na ce, "Ta tafi. Yau sai dai ka yi da ni, in kana iya dukan wanda ba ya wanke maka kwano."

Da allon madannan rubutu ya fara. Ya sauke min shi a fuska, haruffa suka watse a ɗakin kamar an zubar da wake. Hancina ya fashe, jini ya cika min baki. Na faɗi a tsakiyar ɗakin, inda na riga na auna kyamara tana gani sosai. Ya ɗaga kujerar nan tasa mai taya ya maka min a haƙarƙari. Na ji sun karye ɗaya bayan ɗaya, kamar ana taka busassun kara.

Sukudireba tana aljihuna, Pei-ching. Na san inda jijiyar wuya take, kuma wuyansa yana kusa. A rayuwata ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan ba. Na bar ta a aljihu.

Na tofa jini na ce, "Haka kake yi mata? Ashe hannunka ba nauyi."

Ya ce, "Ba nauyi? Je ka tambayi 'yarka! A ƙofar can na karya mata hannu, tana kuka kamar karya. Haƙorinta yana cikin kwandon shara. In ta dawo sai na karya ɗayan!" Ya taka hannuna na dama da dunduniya, ya murza, yana cewa, "Ga injiniya! Ga jami'a! Gyara wannan mu gani!"

Ban san tsawon lokacin ba. Abin da na sani, ta gefen idon da bai rufe ba ina hango fankar tana juyawa, ba ta ko yi tari ba.

Wayarsa ce ta dame shi, tana ta ruri a kan tebur. Ya ɗauka yana haki. A-kun ne, muryarsa har inda nake kwance: "Kai mahaukaci, kana kai tsaye! Kowa yana kallonka! An kira 'yan sanda!"

Ya juya ya kalli baƙin allon. Ya kalli kyamarar. Ya sa farce ya ɓare salatif ɗin, jan hasken ya kalle shi. Sai ya gyara murya, wallahi, ya ce, "Jama'a, wasa muke yi da Baba." Na yi dariya duk da haƙarƙarin, har na suma.

'Yan sanda sun ce mutane da yawa sun naɗi hoton, har da maganarsa a kanki. Wata jami'a za ta zo Chiayi ta ji daga bakinki, ta nuna miki yadda kotu ke hana mutum kusantar wani. Ki gaya mata komai, har ƙofar. Uwarsa ta zo nan da kwandon lemo tana kuka, wai ɗanta yaron kirki ne, na'ura ce ta ɓata masa rai. Na ce na'urar lafiyarta ƙalau, ni na gyara ta.

Likita ya ce yatsun ba za su ƙara riƙe sukudireba ba. Ba komai, ba wanda ke nemana.

Abu ɗaya ke hana ni barci. Na san ki. Za ki ce ya ji kunya, ya yi hankali, yanzu tunda na'urar ta daina mutuwa zai daina. Na gyara miki abin da kika roƙe ni, kuma ina tsoron gyaran ne zai mai da ke gidan. Ba ni da sauran hannun da zan ba shi. Ki gaya min gaskiya: za ki koma?

Mahaifinki,
Pan Chin-lung

Chiayi, tsakiyar Agusta

Baba,

Ina gaishe ka da dukan girmamawa, ina yi maka sannu da jiki. Goggo ta ce ka daina yi wa masu jinya faɗa.

Na daɗe ban amsa ba don ina so in tabbata. Ya aiko saƙo ta bakin uwarsa. Na saurara har ƙarshe, na raka ta tasha.

A ƙasan jakata na sami koriyar leda ɗaya, wadda na saya don ranar Asabar ɗin. Na zauna a bakin ƙofar Goggo na buɗe ta na cinye. Ashe gugguru ne kawai.

Jibi zan zo in ɗauke ka mu tafi Chenggong. Ka duba rubutun nan da kyau. An cire min ɗaurin hannun jiya.

'Yarka,
Pei-ching