Rasuwar Shamasha Zaya, Mai Tsaron Littafin Bet Karma

Cikin alhini da miƙa wuya ga nufin Ubangiji, Ƙungiyar Adana Tsofaffin Littattafan Hannu ta Bet Karma, a madadin Shugabanta, da dattawanta, da 'ya'yanta na gida da waɗanda ke zaune a ƙasashen waje, ta karɓi labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, babban dikon na majami'ar Mar Kuryakos, Shamasha Zaya Odisho Marogi, wanda ya huta da safiyar Talata a gidansa, yana da shekara saba'in da takwas, bayan jinyar da ya daɗe yana yi. Ya bar uwargidansa, Mama Warina, da 'yarsa Marganita, da ɗansa Narsai, da jikoki shida.

Shekara arba'in da ɗaya marigayin ya yi yana riƙe da makullin akwatin da ake ajiye tsohon Sabon Alkawarinmu, wanda aka rubuta da hannu a kan fata cikin harshen Suryani kusan shekara ɗari tara da suka wuce. Shi ne mai shanya shi a inuwa idan damshi ya kama shi, shi ne mai ɗinke bangonsa, kuma shi kaɗai ya rage a garin nan da ke iya karanta tsohon rubutun ba tare da inda-inda ba. Mutum ne mai faɗa, wannan ba mai musu. Babba ko yaro, duk wanda ya miƙo hannu da maiƙon abinci wajen littafin nan sai ya ji, "Kai, je ka wanke hannu! Ka ɗauka gurasar gidanku ce?" Da yawanmu mun sha wannan tsawa, kuma ta amfane mu.

A shekarar da yaƙi ya kore mu, kowa ya ɗauki abin da hannunsa ya kai. Shamasha Zaya ya bar keken ɗinkin matarsa da hotunan iyayensa, ya cusa littafin cikin buhun barzajjiyar alkama, ya rungume shi a bayan motar kaya har garin Ankawa. Shekara uku littafin yana ƙarƙashin katifarsa a ɗakin kwano na sansanin 'yan gudun hijira. Da muka dawo, ya miƙa shi ga kwamitin majami'a a gaban jama'a.

Daga nan ne ya zama dole wannan saƙo ya faɗi abin da ba a saba faɗa a ta'aziyya ba. A lokacin ba mu da firist a gari. Wani ɗan kwamiti ya buɗe Littafi Mai Tsarki bugun injin da ke kowane gida, ya sa marigayin ya riƙa kiran sunayen littattafan da ke cikin tsohon, shi kuwa yana bi da yatsa. Na injin yana da ashirin da bakwai. Tsohon ya tsaya a ashirin da biyu. Babu wasiƙar Bitrus ta biyu, babu ta Yohanna ta biyu da ta uku, babu ta Yahuza, babu Ru'ya ta Yohanna. Da yake a shekarar ce Narsai ya samu tafiya ƙasar waje, kafin sati ya zagayo magana ta gama gari cewa Shamasha ya yanke littattafai biyar ya sayar wa dillalan kayan tarihi don ya fitar da ɗansa.

Marigayin bai yi shiru ba. Ya miƙe a zauren majami'a ya ce, "'Yan'uwana, littafin nan ya girmi jerin da kuke auna shi da shi. Kakanninmu ashirin da biyu suka karɓa, ashirin da biyu suke karantawa. Biyar ɗin nan daga baya suka shigo mana. Me zan yanke wanda ba a taɓa ɗinkawa ba?" Aka yi masa dariya, wani ma ya ce wayon tsofaffi ne. Aka karɓe makullin, aka rufe akwatin da hatimi har sai masana sun zo, aka kuma hana shi karatu a gaban bagade. Shekara bakwai yana zuwa sujada yana tsayawa a sahun baya. Mama Warina kuwa, mata suka daina gayyatarta toye-toyen biki, har gaisuwa ta gagara.

Ƙungiyarmu na sanar da jama'a, da cikakken tabbaci, cewa ranar Alhamis da ta wuce an fasa hatimin a gaban shaidu goma sha ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Rabban Sabrisho, masanin tsofaffin rubuce-rubuce, wanda ya yini biyu yana duba littafin ganye bayan ganye. Marubutan dā sukan ɗinka littafi ɗauri-ɗauri, ganye goma a kowane ɗauri, su sa lamba a ƙasan ganyen farko da na ƙarshe. An tarar da ɗauri ashirin da shida, lambobinsu a jere, zarensu na asali, babu ganye ko ɗaya da aka cire. Bugu da ƙari, a kan fatar da wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ƙare, a nan ne marubucin ya rubuta da hannunsa cewa littafin ya kammala, ya roƙi mai karatu ya yi masa addu'a. Rabban Sabrisho ya tabbatar da cewa haka tsofaffin littattafan ikilisiyarmu suke, domin ba rana ɗaya ikilisiyoyin duniya suka daidaita kan jerin littattafai ba, kuma tamu ta daɗe a kan ashirin da biyu. Littafinmu cikakke ne. Shamasha Zaya bai taɓa shi da wuƙa ba.

Ni mai sa hannu a wannan takarda na karanta tarihin nan tun ina ɗalibi, na san gaskiya ya faɗa a ranar. Amma ɗan kwamitin nan da ya ƙirga littattafan, surukina ne, sai na ce a jira bincike, na koma na zauna. Kunyar wannan zaman tana damuna har yau. Ranar Asabar na kai masa sakamakon yana kwance, na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Ablahad, sai yanzu kuka iya ƙirga? Ni ai na sani. Warina za ka gaya wa, ita ce ta sha wuyarku."

Muna roƙon Ubangiji Mai Jinƙai ya karɓi bawansa cikin salamarsa, ya sanyaya zuciyar Mama Warina, ya ba Marganita da Narsai da jikoki ƙarfin jure wannan rashi, ya kuma gafarta wa garin da ya zalunci mai hidimarsa. Za a yi addu'ar kwana uku ranar Alhamis bayan sujadar safe, kuma littafin zai kasance a buɗe a kan tebur ga duk mai son ya ƙirga da kansa.

Da muka je yi wa Mama Warina gaisuwa, mun tambaye ta abin da Ƙungiya za ta yi mata. Ta ce, "Ba na son kuka a falona. Wanda ya faɗa a kasuwa, ya je kasuwa ya warware." Ƙungiya ta amince da wannan ba tare da jayayya ba. Saboda haka ranar Juma'a da ƙarfe goma na safe, a bakin shagon mai gurasa da ke kasuwa, za mu taru, kowa ya faɗi sunansa da abin da ya faɗa, ko abin da ya ƙi faɗa. Ni ne zan fara.

Ablahad Sliwa Denha
Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Adana Tsofaffin Littattafan Hannu ta Bet Karma