Mai Riƙon Takalma

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan wasiƙa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma sanyin can da kullum kake kuka da shi? Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya mana yara, Ya sa zaman da kake yi nesa da mu ya zama alheri. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene yin shanya da kanta duk da likita ya hana. Gwaggo ta zo ta kwana biyu, ta yi wa kowa faɗa daidai gwargwado, ta koma. 'Yarka ta wajena kuwa ta fara haƙori, babu wanda ba ta ciza ba a gidan nan sai kakarta.

Kwalin da ka aiko wa Auta ya iso. A tsakiyar falo ya buɗe shi, ya zaro takalman shiga ruwan nan masu kaiwa har ƙirji, ya saka, ya dinga zagaya kujeru yana tafiyar agwagwa, Mama tana dariya har da share hawaye. Ni kuma na samu nawa rabon, wato saƙon muryarka da ke cewa in yi haƙuri, komai da lokacinsa. Na saurara, na gode. Amma Yaya, tun da kai ne babba zan faɗa maka abin da ban faɗa wa kowa ba. Kishin Auta nake yi. Kishi na gaske. Kuma ka gyara zama, domin rabin laifin naka ne.

Ka san aikin da muka nema mu biyu a hukumar kula da koguna da madatsun ruwa, na jami'an da ke bibiyar ruwa: nawa ya ƙaru, nawa ya ragu, me ya shiga cikinsa, kuma yaushe ya kamata a ce wa mutanen bakin kogi su kwashe kayansu. Sun nemi mai digiri a kimiyyar ruwa, ko ta sinadarai, ko ilimin ƙasa. Ina da shi, kuma na riga Auta. Sun nemi wanda lissafi ba ya ba shi tsoro, wanda zai zuba alƙaluman shekaru a kwamfuta ya gane inda suka dosa, ya karanta taswira, ya tuƙa mota a hanyar da ba hanya ba, ya dawo ya rubuta rahoton da ko wanda bai yi kimiyya ba zai fahimta. Wanne ne ba na iyawa a ciki? Auta sawuna ya bi. Da littattafaina ya yi karatu, har yau sunana ne a bangonsu. Ni na koya masa ɗauraye kwalba da ruwan da za a ɗiba kafin a ɗiba, da cika ta taf kada iska ta samu wurin zama, da saka ta cikin akwatin ƙanƙara tun rana ba ta taɓa ta ba. A ganawar baki, shugabar sashen ta tambaye ni yadda zan bambance ko na'ura ce ke ƙarya ko kogin ne ya canza da gaske. Na ce zan je da ƙafata in duba sandar awo da ke kafe a bakin ruwa, in kwatanta da tashar da ke sama da ta ƙasa, sannan in zargi na'ura. Ta gyaɗa kai ta yi rubutu. Na fito ina jin aiki ya zama nawa.

Abu ɗaya ya rage, iyo. Na gan shi a tallar aikin, ba zan ce ban gani ba. Na dai ce wa kaina ai akwai rigar ceto, kuma mutum irina ɗakin gwaji za su kai shi. Ashe ba haka ba ne. Kowane jami'i sai ya shiga kogi da sandar awo ya auna zurfi da gudun ruwa, sai ya hau kwalekwale zuwa tsakiyar madatsa ya ɗebo ruwan can ƙasa, kuma an fi buƙatarsa lokacin da ruwan ya fi hauka. Bibbiyu ake fita, in ɗaya ya zame, ɗayan ne zai ciro shi. Ba na ganin laifinsu. Ko ni ba zan so a haɗa ni da abokin aikin da zai tsaya a gaɓa yana salati ba.

To a nan ka shigo, Yaya. Ka tuna dokar Mama. Tun da ruwa ya ci ƙaninta tana yarinya, ta ce ɗanta ba zai shiga ruwan da ya wuce bokiti ba. Kai ka fara karya dokar, a kogin bayan tsohon gidanmu, ƙarƙashin gadar jirgi. Da ka iya, sai ka ja Auta. Amma dole a samu mai riƙe kaya kada su jiƙe, mai kuma gadin hanya ko Mama za ta biyo sawu. Ka ce ni na fi dacewa, domin ni ne wanda in na ce daga filin ƙwallo muke, Mama ba ta sake tambaya. Na ji daɗin wannan yabo, wauta ta ci ni. Haka nake zama a kan dutsen nan mai faɗi, na juya wa ruwa baya, ido a hanya, rigunanku a cinyata, takalmanku a hannuna, ina jin ƙarar faɗawarku da dariyarku. Kullum in za mu koma gida sai ka dafa kafaɗata ka ce gobe ni ne. Har ka tafi jami'a goben ba ta zo ba.

Yanzu ji abin da ya faru ranar gwajin, wanda na san Auta bai faɗa maka ba saboda yana jin nauyina. A wurin iyo na filin wasanni aka yi. Warin maganin ruwa ya cika ko'ina, ƙasa duk santsi, malamin gwajin na tsaye da usur a wuya. Na je da niyyar in yi masa bayani, ko in shiga ɓangaren da ba zurfi in yi abin da Allah Ya nufa. Aka ce kowa ya shirya. Auta ya cire agogo, ya cire waya, ya tuɓe takalma, ko kallona bai yi ba ya miƙo mini. Ni kuma, Yaya, na karɓa. Wallahi hannuna ne ya karɓa kafin kaina ya sani. Na haɗa takalman baki da baki, na saka agogon cikin ɗaya, yadda na saba. Malamin ya dube ni da kaya a hannu, ya nuna mini benci cikin ladabi, ya ce 'yan rakiya can suke zama. Ka san me na yi? Na je na zauna. Ina zaune tsakanin wata uwa da wani direba aka kira lambata, aka sake kira, na ɗaga hannu da takalmin ƙanina a ciki na ce ban iya ba. Auta kuwa ya je ya dawo a ruwan nan kamar a cikinsa aka haife shi, irin bugun hannunka sak.

Ba na cewa bai cancanta ba. Da bai cancanta ba ai da na samu sauƙi, in yi ta zagin duniya in huta. Yaron ya san aikinsa. Shi ya sa abin ke cina. Yakan dawo da yamma taɓo har gwiwa, wuya ya ƙone da rana, ya zauna yana ba da labarin wata tasha a gindin gada inda ciyawa ta toshe bakin na'ura, ko yadda suka ga ruwa ya canza launi suka bi shi har inda ake zubar da dattin. Matata ta ajiye abin da take yi ta yi ta jero masa tambayoyi, ita da ba ta taɓa tambayata me nake yi a wurin aiki ba. Me za ta tambaya? Ina nan a kamfanin ruwan kwalba, cikin farar riga, ina gwada ruwan da an riga an tace shi, kullum amsa ɗaya. Ko 'yarka in ta gan shi sai ta miƙa hannu tana son usur ɗin da ke jikin rigar cetonsa. Rannan na tarar da takalman da ka aiko a baranda suna bushewa, na tsaya a kansu ina shaƙar warin kogi, sai da na ji motsi na wuce.

Ana nan sai shugabar sashen ta kira ni. Ta ce takardata ta jarrabawa ba ta bar ta ta yi shiru ba. Akwai gurbi guda a wata tasha can saman kogi, za su sake gwajin iyo kafin damina ta kankama, in na haye nawa ne. Ta kuma tuna mini abin da na sani, cewa baɗi shekaruna sun wuce iyakar ɗauka. Wato wannan ce ta ƙarshe. Auta ya ce zai koya mini. Na ce a'a, na sake cewa a'a, sannan na bi shi. Ka yi tunanin ƙaton mutum mai iyali kwance a kan ruwa, tafin hannun autan gidansu a ƙarƙashin cikinsa, ana ce masa ya saki jiki. Na sha ruwan wurin nan har zan iya rubuta rahoton abin da ke cikinsa ba tare da na'ura ba. Kuma yaron ba ya faɗa, ba ya dariya, sai haƙuri da lallashi. Da zai yi mini tsawa sau ɗaya da na fi son sa.

Mama ta gane, ba a daɗe ba. Ta ga gajeren wando a igiya da jan ido, ta kira ni ɗakinta. Na shirya kare ku kamar yadda na saba, na fara cewa laifin aiki ne. Ta ce in bar wahalar da kaina, ta san komai tun muna yara. Ta ce uwar da ke wanke kan 'ya'yanta ba a ɓoye mata warin kogi. Ta ga ba za ta iya hana ka ba, in ta matsa za ka koma inda babu mai ganinka, shi ya sa ta yi shiru. Abin da ke kwantar mata da hankali shi ne ta san ina can a bushe, in wani abu ya faru akwai mai gudu ya kira mutane. Ashe hanyar da na yi shekaru ina gadi babu mai zuwa ta cikinta. Ku kun samu kogi, kun samu shirun Mama a kai, ni na samu dutse. Na faɗa mata haka, ban taɓa yi mata magana da irin wannan zafin ba. Ta daɗe tana kallon hannuwana.

Ranar Asabar da ta wuce muna shirin fita, sai ga ta da mayafi ta ce da ita za a je. Matar da in mota za ta hau gada take rufe ido. Muka shiga, warin maganin nan ya buge ta, na ga ta dafa bango. Na fara neman inda zan ajiye kayana, sai ta miƙo hannu. Na ba ta agogo, na ba ta waya, na tuɓe takalma na ba ta. Ta je bencin 'yan rakiya ta zauna, ta juya wa ruwan baya, ta fuskanci ƙofa. Ranar na haye daga wannan gefe zuwa wancan ba hannun Auta a jikina, karo na farko. Na kama bakin tankin iyon ina haki na ƙwala mata kira. Ba ta juyo ba. Daga inda nake ina hango kafaɗunta, da takalmana da ta ƙanƙame a ƙirji da hannu biyu. Da muka fito ta ce ranar gwajin ma za ta zo, amma kada wanda ya ce ta kalla.

Gwajin mako mai zuwa ne. Har yanzu numfashina kan yanke a dawowa, kuma kishin bai tafi ba, kada ka ɗauka ya tafi. Jiya ma da na ga Auta yana loda akwatin ƙanƙara a motar aiki sai da raina ya ɓaci. Ka sa ni a addu'a, ka ce yara ma su yi wa baffansu.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce mun gode da man zafin da ta aiko wa Mama. Ka shafa mini kan yaranka, Babban Yaya da 'Yar Baba, da ƙaramin da ban taɓa ɗauka ba sai a hoto. Mama na sa muku albarka, matata na gaisuwa, Auta ma ya ce in gaishe ka, na ce to.

In Allah Ya sa na haye, kada ka aiko mini da saƙon murya. Takalma nake so irin na Auta. Ni na san lambar ƙafar kowannenku tun kuna yara, ban taɓa mantawa ba. Tawa kuma ba zan rubuta maka ba, sai ka tuna da kanka.

Ƙaninka na tsakiya,
mai riƙon takalma.