Gwiwar Tanko

Gangara, Nuwamba 1982

Zuwa ga aminina Yahuza, sakataren ƙungiyarmu ta masu tausa da jinyar 'yan wasa, a Damagaram.

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Ka gaida Salamatu da yara. Mu nan lafiya lau, hatsi ya shiga rumbu, gangar kokawa ta fara tashi a dandali.

Na samu kiranku na horon da za a ba 'yan ƙungiya, da labarin likitar ƙashi da za ta zo daga Yamai. Ni ba zan samu zuwa ba, matata Hawa ta shiga watan haihuwa.

Amma ina da roƙo. Ka san Tanko, ɗan ƙanwata, wanda bana ba a samu mai kai shi ƙasa ba daga nan har Belbeji. Shi gundumarmu ta Tanut za ta tsayar a zaɓen Damagaram, in ya ci ya tafi neman takobin da ake ba zakaran kokawa na ƙasa. To abin da zan gaya maka ko uwarsa ba ta sani ba: gwiwarsa ta hagu ba lafiya. Tun faɗowar da ya yi daga raƙumi, in aka fizge ta gefe sai ta zame. Shi ya sa nake ɗaure masa duka biyun iri ɗaya, in kuma zan murza mai ciwon sai na kori kowa na saki asabari. Kai ma ka sani, ɗan kokawa ba ya miƙa jikinsa sai ga mai riƙe baki.

Zan sa shi a mota ranar kasuwa. Ka kai shi gaban likitar nan, ku uku kaɗai, ƙofa a rufe. Don Allah, Yahuza.

Naka har kullum,
Dado

Damagaram, Disamba 1982

Zuwa ga ɗan'uwa Malam Dado.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka barka da saukar Hawa lafiya, Allah ya raya.

Ina farin cikin sanar da kai cewa horo ya yi armashi. 'Yan ƙungiya sun zo daga ko'ina, an koya mana sabon ɗauri da yadda ake dawo da ƙarfin jijiya bayan targaɗe. An duba Tanko da kyau. Likita ta ba shi motsa ƙafa da zai riƙa yi da jakar yashi safe da yamma, ka sa ido kada ya yi wasa da shi. Ta yaba aikina ƙwarai, har ta ce za ta sa sunana cikin masu tafiya ƙarin karatu Dakar.

Katinka na ƙungiya na bana yana hannun Tanko. Ka huta lafiya.

Naka,
Yahuza

Gangara, Janairu 1983

Mai girma Sakatare,

Na gaishe ka don Musulunci.

Kana filin, ka gani da idonka, amma bari in faɗa maka yadda ni na gani daga bakin igiya. Jika, wanda aka haɗa da Tanko, kowa ya san kokawarsa ta sama ce, wuya da kafaɗa. Ran nan ko kallon wuyan bai yi ba. Ana busa usur ya duƙa ya cafki ƙafar hagu, ya fizge ta gefe. Hagu, Yahuza! Gwiwa biyu ɗauri iri ɗaya, wa ya nuna masa? Ƙarar da ta yi har makaɗa sun tsaya.

A mota muna dawowa, yaron yana cizon rawanina don zafi, na tambaye shi yadda aka duba shi. Ya ce ɗaki cike da mutane masu farar riga. Kai ka kwantar da shi a tebur, ka kwance ɗaurin, ka ce kowa ya zo ya taɓa ya ji yadda take zamewa. Shi da ya ga farar riga ya zaci duk likitocin Yamai ne. Ashe na gaba-gaba Sule ne, mai tausan Jika! Har sau biyu, in ji shi, mutumin ya dawo ya sake latsawa.

Wayyo ni Dado. Mun ci tuwo kwano ɗaya, mun kwana tabarma ɗaya lokacin da muke koyon aikin nan, ka mai da ɗana abin koyar da darasi don a tafa maka. Wallahi ka ci amanata, kuma ban taɓa jin zafin abu irin wannan ba.

Yanzu ƙafar ta kumbura kamar tulu, ba ya iya taka ta. Bai yarda in taɓa shi ba. Samarin Gangara da ke layi a ƙofata bayan kowane wasa, yau in sun gan ni sai su sauke ƙafar wando su rufe gwiwa.

Dado

Damagaram, Fabrairu 1983

Dado, ɗan'uwana,

Ina gaishe ka, ina kuma yi wa Tanko sannu. Takardarka ta hana ni cin abinci.

Gaskiya ne ka ce ƙofa a rufe, kuma haka na yi niyya. Amma da likita ta taɓa gwiwar sai ta ce irin wannan ba kullum ake samu ba, a kira kowa ya koya. Yaya zan ce wa baƙuwa a'a a gaban shugabanni? Na ga Sule. Na ɗauka tunda ya ɗaga hannu tare da mu ranar da muka yi alkawarin riƙe sirrin majiyyaci, ba zai fita da shi ba. Na kai ƙararsa gaban ƙungiya. Ya ce shi bai faɗi komai ba, ranar wasa dai ya shafa wa Jika mai a gwiwar hagu yana kallonsa. Ba wanda ya iya kama shi da laifi.

Dakar kuwa an ba ni, wata mai zuwa zan tafi. Ban ɓoye maka ba.

Ka saurare ni ko kana fushi. Kokawa ta ƙare masa, amma tafiya ba ta ƙare ba in an yi masa aiki da wuri. Na samar masa gado a asibiti, na kuma roƙi mota. Ka ce to, in zo da kaina in ɗauke shi, in durƙusa gabansa.

Naka, in ka yarda,
Yahuza

Gangara, Fabrairu 1983

Yahuza,

Mun gode, muna amsawa.

Ka aiko motar, ƙafar ta fi ƙarfin fushina. Amma kai kada ka biyo ta.

Ni ma ba zan shiga ba. Daga bayan dangar gidansu na karanta masa takardarka, don nan ne iyakata yanzu. Ya ce zai je, amma in kawunsa yana cikin motar, gara ya gurgunce. Uwarsa za ta raka shi.

Allah ya kai ka Dakar lafiya.

Dado